Alkakin ƙasan kwano

Babana kuturu ne. Da wannan zan fara, don in ba a san haka ba sauran labarin ba zai zauna ba. Ya warke tun ba a haife ni ba, amma kafin nan cutar ta riga ta cinye masa yatsu bakwai, kuma a ƙasar Hausa wanda ya rasa yatsu ko ya warke sunan ba ya barinsa. Bamaguje ne daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Yana saurayi tabo ya fara fito masa a baya, sai aka kafa masa bukka a bayan gida, aka ware masa ƙwarya da ludayi. A kawo tuwo a ajiye a bakin bukka, a juya. Damina biyu ya yi bai sa hannu cikin akushi ɗaya da kowa ba.

Wani kawunsa ne ya kawo shi Babbar Ruga, nan bakin hanyar Batsari, zamanin Sarki Usman Nagogo. A lokacin Turawan mishan na SIM, wato Sudan Interior Mission, ne ke kula da wurin, asibitin kutare, tun wajen ƙarshen shekarun 1930. A can ya sha ƙwayar dafson, maganin kuturta, shekara da shekaru, a can ya koyi karatun boko, a can kuma ya karɓi Yesu. In an tambaye shi wane wa'azi ne ya kama shi, sai ya yi dariya ya ce ba wa'azi ba ne, tuwo ne. Wani malamin jinya ne ya zo wucewa da yamma ya same shi yana cin tuwon dawa shi kaɗai, ya tsuguna, ya wanke hannu, ya gutsura ya dangwali miya a inda Baba yake dangwala. Baba ya ce loma ta tsaya masa a maƙogwaro. Sai daga baya aka karanta musu farkon Bisharar Markus, inda kuturu ya durƙusa gaban Yesu, Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi, ya gane inda mutumin nan ya samo halinsa.

Bai koma ƙauyensu ba. Ya samu gona nan kusa, ya auri innarmu, aka haife ni 1968. Na tashi ina ganinsa yana ɗaure fartanya a dungun hannu da tsumma, da dare kuma ya buɗe tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda ke cewa Kristi a inda namu na 1979 ke cewa Almasihu, ya lashi dungu ya juya shafi. Burkutu ya bar shi tun a Babbar Ruga, tsafin gidansu ma haka. Abu ɗaya ne ya riƙe har tsufa: goro. Kullum akwai ɓari a aljihunsa, haƙoransa jawur.

Na shigo birnin Katsina 1986 koyon ɗinki wajen Ƙofar Ƙaura. Shekara ta zagayo aka ba mu jiha, ma'aikata suka yi ta dawowa daga Kaduna, ɗinki ya yi kasuwa, kafin shekara uku na sayi keken Butterfly na kama shago. A lokacin ne wani abokina ya ja ni wata ƙungiyar addu'a. Ba zan faɗi sunanta ba, kuma ba zan yi musu ƙarya ba: mutane ne masu son Allah da gaske. Ba sa cin bashi su hana, ba sa neman mata, in ɗayansu ya kwanta ciwo sai sun cika ɗakin. Ni kuwa na fito daga majami'ar ƙauye inda dattawa ke gyangyaɗi ana wa'azi, da na ga samari suna kwana addu'a sai na ce lallai yau na ga masu bi na ainihi.

Ka'idodin ba a rana ɗaya suka zo ba. Da farko giya da taba ne, wannan kowa ya yarda. Sai ɗan kunne da sarƙa. Sai lalle, kwalli, kitso da ƙarin gashi. Sai talabijin da kallon ƙwallo. Sai goro. Sai naman Sallah. Kowace doka an samo mata aya, wadda ba a samo mata ba a ce ai mai tsarki ba ya tambayar iyaka. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce da waɗannan ne ake samun ceto. Da an faɗa haka ƙarara da mun ƙi, don duk mun haddace Afisawa 2:8 da 9, inda aka ce ceto ta alheri ne, ba ta ayyuka ba. Abin da muke cewa shi ne alheri ya shigo da kai, amma zama a ciki kuma aikinka ne. Wato Allah ya biya maka kuɗin shiga gida, haya kuwa duk wata tana wuyanka.

Ni abin ya zo mini daidai da sana'a. Tela ai da awo yake rayuwa. Idona ya saba, mace na tafe daga nesa na san tsawon siket ɗinta da zurfin wuyan rigarta ba sai na ɗauko tef ba. Aka sa ni tsaron ƙofa ranar Lahadi, na mai da 'yan mata gida ba adadi, wasu saboda tsagar da ba ta kai inci uku ba. Akwai wadda har yau ban sake ganinta a wata majami'a ba. Ina da ɗan littafi irin wanda nake rubuta awon mutane, a bayansa nake rubuta azumina, Laraba da Juma'a, da zakkar kowane ɗinki har na facin wando. Na sha karanta labarin Bafarisiyen nan na Luka 18 mai azumi sau biyu a mako, mai fid da zakkar duk abin da ya samu, ban taɓa jin ƙaiƙayi ba. Laifi tudu ne.

Na yi aure 1994. Ranar da aka kawo amarya, cikin kayanta akwai 'yan kunnen zinariya ƙanana da uwarta ta gada wurin tata uwar. Kwana uku na ba ta, na ce a cire. Ta cire ba musu, ta ƙulle a bakin tsohon ɗankwali ta sa a ƙasan akwati. Amma na lura kullum akwai ɗan tsinken tsintsiya a hujin kunnenta. Na tambaya, ta ce, “Maigida, ƙaiƙayi yake mini in ba komai.” Na yarda. Shekara goma tana sa tsinken nan don kada hujin ya toshe, ni da nake ganin inci uku daga nesa ban gane ba.

Maƙwabcinmu wani Alhaji ne mai sayar da yadi, shi ya tsaya mini har na samu hayar gidan. Babbar Sallar 1996 ya aiko ƙaramar 'yarsa da kwano, cinyar rago da soyayyen hanta. Na tsaya a zaure na ce ta mayar, ta ce wa babanta mun gode, ba ma ci. Yarinyar ta tsaya tana kallona, ta kalli kwanon, ta juya. Alhaji bai taɓa tayar da maganar ba, gaisuwa ma bai rage ba, sai dai kwano bai sake shigowa ba, namu na Kirsimeti kuma kunya ta hana shi fita.

Abin da ya fi duka shi ne na Baba. A shekarar ce na je gida, Inna ta kawo tuwo a akushin da muka saba ci tare tun ina yaro. Baba ya tofar da tuƙar goro gefe, ya kurkure baki, ya ce bisimilla. Na ce ba zan sa hannu ba sai ya yi mini alkawarin barin goro, don jikinsa haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, kuma an ce kada a haɗa kai da ayyukan duhu. Na jero masa ayoyi kamar mai karanta takardar sammaci. Ya saurara har na gama. Ya ce, “To, Malam Tela. Uwar ɗiya, zuba mashi nashi daban.” Aka kawo mini kwanon silba. Na ci a gefe ina jin na yi wa Allah aiki. Shekara bakwai, duk zuwan da na yi, kwano biyu ake kawowa. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa na mayar da mutumin nan bakin bukkar da aka fito da shi.

Kada a ɗauka daɗi nake ji a waɗannan shekarun. Mai auna mutane da kansa yake farawa. In barci ya kwashe ni na tsallake addu'ar asuba, yinin nan duk allurar da ta karye sai in ce hukunci ne. Ɗanmu na fari ya yi ƙyanda, na kwana ina bin littafi ina neman zakkar da na manta. Ban taɓa kwanciya da tabbacin in na mutu cikin dare za a karɓe ni ba. Ina kiran Allah Uba a baki, amma a zuci yadda ɗan ƙwadago ke kallon mai gona nake kallonsa: ya zo da yamma ya ƙirga kunya, in ba ta cika ba a yanke lada.

Farkon 2003 tari ya kama ni. Na ce mura ce, na ƙara azumi. Sai zufar dare, sai rama, sai jini a majina. Asibiti suka ce tarin fuka ne, magani wata takwas, kullum, ba tsallake. Azumi ya tsaya. Ƙafa ta kasa taka keke, shago ya rufe, babu abin fid da zakka. Ɗan littafina ya zama shafi fari bayan shafi fari. 'Yan'uwa sun zo, sun kawo kuɗi da madara, Allah ya saka musu, amma shugabanmu da zai tafi ya dafa ni ya ce in bincika kaina, don la'ana ba ta sauka banza. Na san maganar, ni ma na sha faɗa wa marasa lafiya ita. A gida aka ware mini kofi da cokali da kwano saboda yara. Ma'aikacin lafiya ya gaya mana ta iska ake ɗaukar cutar, a dai riƙa buɗe taga, amma tsoro ba ya jin bayani.

Da damina ta faɗi Baba ya aiko a kawo ni gida in sha iska. Daren farko Inna ta shigo da kwano biyu yadda aka saba. Baba ya dube ta ya ce, “Mai da guda. Kawo akushi.” Na ce, “Baba, tari gare ni.” Ya ce, “Ni da na ci tuwo da kuturta, tari zai kore ni? Sa hannu.” Bakinsa jawur da goro. Na sa hannu. Ban iya haɗiye lomar farko ba, na tashi na fita bayan rumbu na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro. Da na dawo bai ce komai ba, ya ture mini gefen da man shanu ya fi taruwa.

Idonsa ya fara yana a lokacin, don haka ya ce tunda ina zaune banza in riƙa yi masa karatu. Wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Galatiyawa ya zaɓa. Har yau ban sani ba ko da gangan ne. Na tambaye shi daga baya ya ce gajere ne shi ya sa, sura 6 kawai, mai tari ba zai wahala ba. Na san wasiƙar, na sha cire ayoyi daga cikinta in jefi mutane, musamman jerin ayyukan jiki na sura 5. Ban taɓa karanta ta daga kai har ƙafa a zama ɗaya ba. Da muka zo sura 2, inda Bitrus yake cin abinci tare da al'ummai a Antakiya, sai wasu suka zo daga wurin Yakubu, Bitrus ya janye jikinsa ya ware, har Barnaba ya bi shi, Bulus kuma ya tsaya gaban kowa ya tsawata masa, sai muryata ta shaƙe, ba don tari ba. Ashe rigimar a kan akushi ce. Bitrus bai yi sata ba, bai yi zina ba, bai canza ko kalma ɗaya a wa'azinsa ba. Kwano kawai ya raba, Bulus ya ce ya kauce wa gaskiyar bishara. A ƙarshen surar kuma ya ce in da ta wurin Shari'a ake samun adalci, ashe Almasihu ya mutu a banza. Shari'ar Musa yake nufi, wadda Allah da kansa ya bayar a Dutsen Sina'i. In wannan ba ta iya ba, ina ga dokar goro da muka ƙaga a ɗakin haya?

Na yi gardama, ba wai nan take na sallama ba. Na ce, “Baba, in haka ne kowa sai ya yi abin da ya ga dama ke nan.” Ya ce in ci gaba da karatu. Muka zo sura 4, inda aka ce kai ba bawa ba ne kuma, ɗa ne, in kuwa ɗa ne to magaji ne. Sai farkon sura 5, Almasihu ya 'yanta mu, kada mu sake sa wuya cikin karkiyar bauta. Baba ya ɗaga dungu ya tsayar da ni. Ya ce, “Ku 'yan birni kuna cewa 'yanci. Mu ɗiyauci muka sani. Mi ne ɗiyauci in ba zama ɗiya ba?” Ban taɓa lura ba, alhali a bakinmu take: ɗa shi ne wanda aka haifa, ɗa kuma shi ne wanda ba bawa ba, har ake cewa ɗa na kowa ne, bawa sai mai shi. Ya ce, “Kai da kake noman gonar nan kana yaro, nawa na biya ka? Ranar da ka yi zazzaɓi ba ka fita ba, an hana ka tuwo? To wa ya fi yi mata aiki da zuciya ɗaya, kai ko 'yan ƙwadago?”

Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da abin da ya zama karin maganar gidanmu. “Hausawa sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Ni kuturu ne ba ko anini, aka ce in zaɓi na ƙasan. Kai kuma ka zo da yatsunka goma kana ta laluben aljihu, mai alkaki na ce maka an biya.”

Ban warke daga halina a daren nan ba. Tarin ma ya riga shi tafiya. Na dawo Katsina ƙarshen shekara, na koma majami'ar da na raina, na zauna a baya. Watanni ina jin kamar na yi sata duk Larabar da na karya kumallo. Sannan wata sabuwar cuta ta so kama ni: na fara raina tsofaffin abokaina, ina musu kallon bayi, wato na sake ɗauko tef na juya shi ta ɗaya gefen. Romawa 14 ce ta kwaɓe ni, inda aka ce mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci. Akwai wani dattijo a majami'armu da har gobe ba ya cin naman layya, lamirinsa bai ba shi ba. Ba na jan sa da gardama, in ya zo gidana ba na sa masa a gaba. Ni dai na karanta 1 Korintiyawa 10, na ga an ce in wanda ba mai bi ba ya gayyace ka, ka ci abin da aka sa maka, kuma na san Alhaji don zumunci yake aikowa.

Babbar Sallar 2004 ta zo cikin sanyi, farkon Fabrairu. Ana saura kwana biyu na shiga shagonsa na ce, “Alhaji, na zo neman gafara, shekara takwas ke nan na mai da maka kwano.” Ya ce, “Haba Malam, wane kwano?” Ya sani sarai. Ranar Sallah da la'asar yarinyar nan, ta zama budurwa, ta yi sallama da kwano a hannu tana danne dariya.

Giya har yau ba na sha, kuma ina gaya wa 'ya'yana su nisance ta, don na ga abin da burkutu ya yi wa ƙannen Baba. Waɗanda suka hana ta tun farko sun san abin da suka gani. Ina bayarwa a majami'a, wani watan ya fi ɗaya bisa goma, wani watan bai kai ba, ba na rubutawa. Nakan yi azumi in abu ya dame ni. In yarinya ta kawo ɗinkin da na ga bai dace ba, nakan ce, “'Yata, in ƙara miki inci biyu?” In ta ƙi, wani lokacin in ɗinka, wani lokacin in ce ta gwada wani shagon, amma na daina ɗauka cewa makullin sama na rataye da tef a wuyana. Wadda na kora a ƙofa ce ke damuna. Na neme ta, an ce sun koma Funtuwa.

Uwargida kuwa, wata Lahadi muna shiri na ce, “Wai ina 'yan kunnen nan na innarki?” Ta dube ni ta madubi ta daɗe. Ta jawo akwati, ta kwance ƙullin, ta zare tsinke ta sa, suka shige kamar jiya aka cire. Na ce ashe hujin bai toshe ba. Ta ce, “Ai na san za ka dawo, Baban yara. Ranar ce ban sani ba.”

Baba ya rasu 2009. Zuwana na ƙarshe kafin ya kwanta, na biya kasuwa na sayi goro, na sa mai goron ya zaɓo mini manya. Lokacin idon ya tafi gaba ɗaya. Na sa masa ɗaya a tafin hannu, ya shinshina ya ce, “Daushe ne?” Na ce daushe ne. Ya miƙo mini in ɓare masa, don dungu ba ya ɓare goro; duk shekarun nan Inna ce ke yi masa. Na ɓare na ba shi. Ya ɗauki ɓari ɗaya, ya turo mini ɗayan. Na jefa a baki na tauna, ɗaci ya gauraye mini harshe, na yamutsa fuska. Inna ta gaya masa, ya yi ta dariya har da tari, ya ce a kawo mini ruwa, wai in sha in ji yadda zai koma zaƙi.